Emmel, elektroforez ko ɗan tsinke: wane awon emasi za a yi kafin a kai goro?

Shekara goma sha ɗaya ke nan da auren ƙanena, amma takardar awon jinin nan ta amaryarsa har yau tana idona. Rabin shafi ce, da hatimi shuɗi a ƙasa, an ja layi da biro an rubuta kalma biyu: Emmel, negatif. A zauren gidanmu na Bagalam na karanta wa mahaifinmu ita, domin ni ne malamin lakwal na gidan, duk takardar da ta shigo da Faransanci ta hannuna take bi. Shi ƙanen nawa mun daɗe da sanin AS ne, wato yana ɗauke da gadon emasi (sikila) amma ba ya ciwon. Sakamakon yarinyar muke jira.

"To, Malam, mi takardar ta ce?" in ji Baba. Ba ya kama sunana, ni ne ɗan fari.

Na ce, "Ta ce ba ta da shi, Baba."

Ya yi hamdala, ya sa aka kira ƙanensa, kwana uku aka kai goro.

Ɗansu na biyu yana shekara shida ya fara kukan ƙashi. Da hunturu ya sauko sai ya kwana yana murƙususu, yana riƙe da cinya, uwar tana gasa masa da tsumma mai ɗumi har kiran assalatu. Aka ce sanyi ne. Aka ce girma ne ke tafe. Gwaggonmu ta ce a nemi rubutu, aka nema. Sai a kwanciyarsa asibiti ta uku wata likita ta ce a auna jinin gidan duka, ta kuma rubuta sunan awon da manyan baƙaƙe don kada a musanya shi: elektroforez. Uba AS, uwa AC, yaro SC.

Na daɗe ina jin haushin labon da ya ba da takardar farko kafin na yarda cewa bai yi ƙarya ba. Matar ƙanena ba ta da S ko ɗigo. Abin da aka tambayi awon ke nan, shi kuma ya amsa. Ni ne na ɗora masa amsar da ba tasa ba. Kuma ilimin halittu nake koyarwa, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Tun daga ranar, duk wanda ya miƙo mini takardar awon aure, sunan awon nake fara dubawa kafin sakamakon. Iri uku ne ke yawo a hannun mutane a nan Maradi, kuma ko da yake duk jini ake ɗiba, ba tambaya ɗaya suke amsawa ba.

Cutar da muke kira emasi, ƴan'uwanmu na tsallaken iyaka su ce sikila, a rediyo a ce amosanin jini, gado ce. A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai wani sinadari, emoglobin, shi ke dakon iskar da muka shaƙa ya kai ta gaɓoɓi. Kowane mutum yana da harafi biyu na wannan sinadari, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. A shi ne na kowa da kowa. S kuwa, da iska ta yi masa ƙaranci sai ya sandare, ya lanƙwasa ƙwayar ta koma kamar lauje, ta maƙale a ƙananan jijiyoyi ta tare hanya. Tushen ciwon ƙashin ke nan. Lafiyayyar ƙwaya tana yin kwana 120 tana aiki, mai laujen kuwa daga kwana 10 zuwa 20 ta fashe, shi ya sa jinin mai SS kullum a ƙasa yake, idonsa da ɗan ruwan ɗorawa. Sai harafi na uku da mutane ba su cika ji ba, wato C. Shi ba ya yin lauje, busar da ƙwayar yake yi. In ya zauna da A ba ya damun kowa. In ya haɗu da S ne ake samun irin na ɗan ƙanena: ƙarancin jinin bai kai na SS ba, amma yana cin kan ƙashin ƙugu, yana taɓa ido, mace kuma yana iya ba ta wuya sosai in ta yi ciki. C ya fi yawa a Burkina Faso da arewacin Gana, yana raguwa in ana yowa gabas. Sai dai Maradi garin fatauci ne, aure kuma ba ya tambayar inda kakan kaka ya fito.

Mai AS lafiyarsa lau, yana noma, yana dako, yana ƙwallo. Har ma yana da wata garkuwa da mai AA ba shi da ita: masassarar cizon sauro mai tsanani ba ta cika kashe shi yana yaro ba, abin da Anthony Allison ya nuna tun 1954 a gabashin Afirka. Dalilin yawan S a ƙasar Hausa ke nan, inda ake lissafin kusan mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar yana ɗauke da shi bai sani ba.

Kafin mu shiga awon guda uku, akwai wata takarda da ba ta cikin lissafi sam, amma ita ta fi ruɗa samari. Bara ɗan yayata ya same ni a ƙofar gida da maganar aure. Na ce ya je ya yi awo. Ya yi dariya ya zaro wani ɗan kati daga aljihu.

"Kawu, ni ai na daɗe da yi. A ne ni, duba ka gani."

Katin ba da jini ne, an rubuta A da alamar tarawa. Na ce masa kama da wane ba ta wane. Wannan rukunin jini ne, abin da ma'aikatan likita ke kira gurup: A, B, AB ko O, tare da rezus. Amfaninsa a san irin jinin da za a ƙara maka, a kuma kula da mai ciki in rezus ɗinta negatif ne. Ba ruwansa da emasi. Mai O yana iya zama SS, mai A yana iya zama AS. Harafin ne kawai ya zo ɗaya. In takarda ba ta ɗauke da AA, AS, AC, SS, SC ko CC, ko kuwa sunan Emmel, to ba ta ce komai a kan emasi ba.

Mu fara da Emmel ɗin, tunda shi ya fi yawa a hannun mutane, shi ne kuma ya kayar da ni. Sunan wani Ba'amurke ne, Victor Emmel, wanda a 1917 ya lura cewa in aka rufe ɗigon jinin mai cutar aka hana shi iska, ƙwayoyin kan lanƙwashe. Har yau dabarar ke nan. Ma'aikacin labo ya ɗiga jini a kan ɗan gilashi, ya haɗa da wani ruwan magani mai shanye iska, ya kifa wani siririn gilashi a kai, ya liƙe gefuna da bazilin ko jan farce, ya jira, sannan ya leƙa ta madubin likita. In ya ga lauje ya rubuta pozitif, in bai gani ba ya rubuta negatif. Ba ya son wata babbar na'ura, shi ya sa ake samunsa har a ƙananan asibitoci. Ga araha, ga shi yawanci a wuni ɗaya mutum zai karɓi abinsa.

Amma araha ba ta ado. Emmel tambaya ɗaya tak ya sani: akwai S ko babu? In ya ce pozitif, ya zuba AS da SS da SC a kwando ɗaya. Na ga ɗalibata, yarinya lafiyayya da ba ta taɓa kwanciya asibiti ba, tana kuka a bayan aji wai an ce mata pozitif, ta ɗauka an yanke mata hukuncin ciwo har ƙarshen rai, alhali AS ce kawai. In kuma ya ce negatif, ya haɗa AA da AC da CC a wani kwandon, har da masu ɗauke da talasemi, wani gadon jinin da shi ma in ya gamu da S yana haifar da cutar. Sannan aikin hannu ne da ido. Ruwan maganin sabo ake so, haɗin ranar. In ya kwana ƙarfinsa ya tafi. In gefen gilashin bai liƙu da kyau ba iska ta shiga, ƙwayoyin su zauna zagaye abinsu kamar ba komai. In layi ya yi tsawo ma'aikaci ya leƙa da wuri, zai iya rubuta negatif ga mai AS. Jariri kuwa da bai kai wata shida ba, kada ma a ɓata kuɗi: jininsa cike yake da emoglobin na zaman ciki, wanda ake kira F, shi kuma yana hana laujen fitowa.

Ba cewa nake a jefar da shi ba. In saurayi da budurwa duka biyun sun fito negatif, kuma an yi awon yadda ya kamata, to magana ta ƙare a kan emasi, domin abin da babu a wajen uba babu a wajen uwa ba zai faɗo wa ɗa daga sama ba. Inda ramin yake shi ne ɗaya ya fito pozitif, ko an riga an san shi AS ne, sai a riƙe negatif ɗin ɗayan a ce an tsira. Ramin da na faɗa ke nan, na ja gidanmu duka.

Wani zai ce to a fara da mai arahar mana, in an ga alama sai a hau na sama. Na yi wannan lissafin a allo da ɗalibaina. In mutum ɗaya cikin huɗu ke da S, a cikin aure 16, tara ne kawai duka biyun za su fito negatif. Sauran bakwan sai sun koma labo sun sake biya, sun sake jira, ga zuciya a rataye. Taran ma sun dogara ne da cewa ruwan maganin bai kwana ba, abin da ba mai iya gani a jikin takarda.

Elektroforez kuwa tsere ne ake sa haruffan. A ɗebi jini a hannu a zuba a ƴar kwalba mai murfi ruwan hoda mai duhu, a fasa ƙwayoyin, a ɗora emoglobin a bakin wani jiƙaƙƙen falle, a sakar masa wutar lantarki. Kowane iri da saurin tafiyarsa. A ne ke gaba, F na biye, sai S, C ne kurar baya. In an kashe wuta aka rina fallen, sai ka ga layi-layi, a gwada su da na jinin da aka riga aka san irinsa. Da wannan dabara ce Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna a 1949 cewa emoglobin na mai cutar daban yake da na sauran mutane. Sakamakonsa ba e ko a'a ba ne, haruffan ne da kansu a rubuce. Shi ne abin da a Katsina da Kano ake kira jinotayif. Da shi aka yi wa matar ƙanena tun farko, da C ɗin nan ya fito ɓaro-ɓaro, da an zauna an yi shawara ido buɗe.

Kuɗinsa ya ninka na Emmel, wannan gaskiya ne. Ba a cika ba da shi a ranar ba, domin labo kan tara jinin mutane da yawa ya yi musu lokaci guda, in kuma wuta ta yi ta ɗaukewa a ƙara kwana. Wanda ya taso daga ƙauyukan Dakwaro ko Mayahi zai biya mota zuwa da komowa sau biyu, wani lokaci kuɗin motar ya fi na awon. Sai dai abu ne na sau ɗaya a rayuwa. Haruffan da aka haife ka da su ba sa canzawa, ba magani ko abinci ko rubutun da ke mai da AS ya koma AA. Ni kuma duk uban da ya ce mini ya yi tsada, nakan tambaye shi kuɗin turmin atamfa ɗaya mai kyau a cikin akwatin lefe, da turmi nawa aka zuba.

Shi ma yana da inda yake tuntuɓe, kuma gara a sani. Na farko ƙarin jini. Wanda aka ƙara wa jini, ƙwayoyin wani ne ke yawo a jikinsa har wata uku ko fiye. Mai SS da aka ƙara wa jinin mai AA, in aka auna shi a wannan tsakanin, zai iya fitowa AS. A garinmu wannan ba ƙaramar magana ba ce: da damina yara nawa ake ƙara wa jini saboda masassara, mata nawa ake ƙara wa wajen haihuwa? In an ƙara maka, faɗa wa mai awon, ka jira wata ukun su cika. Na biyu hannun ma'aikaci. In fallen ya tsufa, ko ba a sa jinin gwaji a gefe ba, layukan kan caɓe, a karanta ba daidai ba. Shi ya sa in sakamakon ne zai ɗaura aure ko ya warware shi, ban ga laifin a sake shi a wani labo daban ba. Akwai ma wani harafi da ba kasafai ake gamuwa da shi ba, D, wanda ke tsayawa daidai inda S ke tsayawa a tseren. A nan ne Emmel ke da rana, a matsayin mai shaida: in layin ya nuna S, madubi kuma ya nuna lauje, to S ɗin ne.

Na uku shi ne talasemi. Mai ɗauke da shi a elektroforez na falle AA yake fitowa. Abin da ke tona shi awon ƙididdigar jini ne, wanda ake rubutawa NFS, in ya nuna ƙwayoyin ƙanana ne ba don ƙarancin sinadarin ƙarfe ba, sai kuma sababbin na'urori masu ba da kashi-kashi, inda wani ɗan layi da ake kira A2 ke haura kashi 3.5 cikin ɗari. A irin wannan takardar, mai AS na gaskiya za ka ga A ya fi rabi, S yana wajen kashi 35 zuwa 40. In ka ga S ya rinjayi A, ba AS ba ne, a kai wa likita. Talasemi bai kai S yawa a wajenmu ba ko kusa, ban kuma ce kowa ya bi wannan doguwar hanya ba. Amma in ɗaya AS ne, ɗayan AA, alhali a danginsa akwai masu yawan ƙarancin jini da ba a san dalili ba, to NFS ba asara ba ce. Abin da ya gagara warwaruwa a nan, akwai cibiyar ƙasa ta masu emasi a Yamai, tafiyar sama da kilomita 600.

Awo na uku sabon shiga ne, ɗan tsinke. Kamar awon masassara da ake yi a kowane asibitin ƙauye yake: a soki yatsa, a ɗauki ɗigon jini, a jira kamar minti goma, layuka su fito. Sanannun su ne HemoTypeSC da Sickle SCAN. Ba ya son wuta, ba ya son madubi, kuma ya fi Emmel nesa ba kusa ba, domin yana rarrabe A da S da C, ya ce maka AS ne ko SS ko SC. Babban abin da ya fi sauran biyun da shi, F na jarirai ba ya ruɗa shi, ana iya auna jinjiri tun kafin suna. Wanda ya ga jaririn wata bakwai da hannuwa da ƙafafu a kumbure yana tsala kuka ana cewa kambun baka ne, ya san darajar wannan. Yaron da aka gane da wuri a sa shi kan penisilin kullum, a cika masa rigakafi, a tsare shi daga sauro, a koya wa uwa taɓa saifa da gudu asibiti in jiki ya yi zafi, ba ɗaya yake da wanda sai ciwo ya kayar da shi aka sani ba. Da yawan matan da aka laƙaba wa wabi a da, ina zargin wannan ce ta yi ta ɗauke musu ƴaƴa.

Raunin tsinken uku ne. Haruffa ukun nan kaɗai ya sani, talasemi da D ba ya ganinsu. Ƙarin jini yana ruɗa shi kamar yadda yake ruɗa elektroforez. Sannan karatunsa yana son wanda aka koya wa: a HemoTypeSC layin da ya ɓace shi ne harafin da mutum yake da shi, a Sickle SCAN kuwa layin da ya fito. Wanda ya saba da ɗaya aka miƙa masa ɗayan zai iya karanta shi a juye. Kuma ba kullum ake samunsa ba, ya fi zuwa ta hannun ƙungiyoyi da gangamin awo, musamman wajen 19 ga Yuni, ranar emasi ta duniya da Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsayar a 2008.

To wa zai ɗauki wanne? Masu shirin aure da ke cikin gari, ko waɗanda ke iya shigowa, su tafi kai tsaye ga elektroforez, su biyun, kada su tsaya a Emmel. Wanda ke nesa, in ya samu tsinke a hannun ma'aikacin da ya iya, ya yi. In duka biyun AA suka fito ya wadatar, in S ko C ya leƙo a ɗayansu a shigo gari a tabbatar. Jariri a gidan da aka san akwai S, tsinke tun yana ɗanye, a sake tabbatarwa da elektroforez daga baya. Emmel sai in babu wani, kuma da sharaɗin nan: negatif biyu ne amsa, negatif ɗaya ba amsa ba ne.

Akwai masu ganin su sun wuce awo, su ne suka fi ba ni tsoro. Magidanci mai ƴaƴa biyar lafiyayyu zai ƙara aure, ka ce ya auna, ya ce, "Haba Malam, dubi gidana." Gidansa shaidar uwargida ce, ba tasa ba. In ita AA ce, shi AS, ba za su taɓa haifar SS ba ko sun haifi goma. Ya auro mai AS, ciwo ya ɓullo a ɗakin amarya, sai dangi su ce ita ta shigo musu da shi, alhali rabin daga wajen ɗansu ya fito. Haka bazawara mai ƴaƴa lafiyayyu a gidan tsohon miji. Auren zumunci kuwa, wanda muke da shi da yawa, in S yana cikin zuri'a to yiwuwar ɗan wa da ƴar ƙane su haɗu a kansa ta fi ta bare.

Masu neman aure a tsallake su san cewa tun watan Mayun 2024 jihar Kano ta sa dokar da ta hana ɗaura aure sai da takardar awo, har da na jinotayif. Abu ne mai kyau, amma duk inda takarda ta zama tilas, masu sayar da ita ba sa nisa. Soyayya kuma tana sa mutum ya yi abin da zai zo yana cizon yatsa. Shawarar da nake ba iyaye ita ce yaro da yarinya su je labo ɗaya rana ɗaya, da babba ɗaya daga kowane gida, kuma babban ne zai koma ya karɓo. A duba suna, a duba kwanan wata, a duba sunan awon. Hoton takarda da aka turo ta WhatsApp ba takarda ba ce.

Sai dai duk wannan zaɓin awo, lokacin yinsa ya fi shi nauyi. Tun ran gini tun ran zane. In an bari sai an kai kuɗin gaisuwa, an sa rana, an ɗinka anko, ƴan'uwa na Tasawa da Madarunfa sun fara shirin tahowa, sannan takarda ta fito AS da AS, ba wanda ke iya jin gaskiya a lokacin. Sai a fara cewa ai ɗaya ne cikin huɗu, Allah zai tsare. Allah Shi ne mai tsarewa, amma a fahimci lissafin tukuna. Ɗaya cikin huɗun nan a kowane ciki ne, sabo fil, ba wai in an haifi ɗaya mai ciwo sauran ukun sun kuɓuta ba. Ciki ba ya tuna na bayansa. Ma'aurata AS da AS in suka haifi huɗu, yiwuwar a samu aƙalla SS ɗaya ta kai kashi 68 cikin ɗari. In shida ne, 82. Mu kuma a nan haihuwa shida ko bakwai ba abin ɗaga gira ba ne. AS da AC lissafin ɗaya ne, sai dai SC ke fitowa. AS da SS rabi da rabi ne. AA kuwa ko mai SS ya aura, ƴaƴan duka AS za su zama, ba mai ciwo. Wannan na ƙarshen ina so a ji shi da kyau, domin na ga an hana yarinya mai SS miji mai AA saboda jahilci kawai, ana cewa za ta cika gida da marasa lafiya.

Ba ni ke cewa wane ya auri wance ko ya bar ta ba. Na san AS da AS da suka ji lissafin nan duka suka ce sun ji sun gani, suna kuma riƙe da ɗansu da kyau, yana shan idroksiyure a ƙarƙashin kulawar likita, ciwon ya yi masa sauƙi ƙwarai. Na san waɗanda suka haƙura da juna suna kuka. Abin da ba na so shi ne a yanke wa mutane shawara da takardar da ba ta san tambayar ba. Shi ya sa a ajina na ƙarshe, in mun zo darasin gado, nakan ce kowa ya je ya san haruffansa yanzu, tun ba wanda ya shiga ransa. Wanda ya san shi AS ne yana ɗan shekara sha bakwai, tambayar da zai fara yi wa yarinya daban ce.

Ɗan yayata mai katin A ya je ya yi, bayan na kai shi da kaina a bayan babur. AC ya fito, abin da ya sa yayata ta zauna tana ƙirga kakanni tana neman ta inda ya shigo. Yarinyar da yake nema kuma an kawo mini tata ranar Juma'a da la'asar, ƙanen babanta ya kawo, a ninke cikin leda. Emmel ce, negatif, ta wani awo da aka yi musu a lakwal shekara biyu da suka wuce.

"Malam, ai ina ce wannan ta isa?" in ji shi.

Na ce, "Alhaji, in an yi shi daidai, ba S a nan ba S a can, yaran ba za su yi emasi ba. Amma ban san ko ruwan maganin ya kwana a ranar ba, yaronmu kuma C gare shi. Ku ba mu aron Litinin."

Ya ɗan yi shiru, ya mai da takardar cikin leda, ya tambaye ni ƙarfe nawa labon ke buɗewa.